Ganuwa Mai Ƙofa Tamanin

Duk wanda aka ba shi labarin ganuwar da Rumawa suka gina a arewacin Ingila, abin da yake fara tambaya shi ne tsawonta. Amsar kuwa ba ta da wuya. Ta tashi daga Wallsend a bakin kogin Tayin ta gabas, ta ratsa tsibirin a wani wuri da ya tsuke, ta dire a Bowness a gaɓar ruwan Solwe ta yamma. Tsawonta mil 80 ne da awon Rumawa, wato kimanin kilomita 118. An soma aikin a shekara ta 122 Miladiyya bisa umarnin sarki Hadiriyan, shi ya sa har yau ake kiran ta da sunansa. Ni kuwa abin da ya daɗe yana ja mini hankali a kanta shi ne ƙofofinta. Mutanen da suka ɗebi shekaru suna fasa dutse domin su raba ƙasa biyu, su ne kuma suka bar ƙofa a kan kowane mil, suka gina ɗan ƙaramin sansani a bayan kowace ƙofa, suka zuba sojoji kaɗan a ciki. A kan waɗannan ƙananan sansanoni nake son mu tsaya, domin a ganina su ne suka fi faɗin gaskiyar abin da ganuwar take nufi.

Sai da na yi ɗan tunani kafin in sami sunan da zan kira su da shi. Bariki ya yi musu girma, domin bariki gari ne na soja. Ribaɗi yana ɗauke da ma'anar addini da ta zaman iyali, waɗanda babu su a nan. Zango na matafiya ne, mai saukar zango kuwa gobe zai tashi. Don haka na tsaya a kan "sansanin mil", kuma sunan ya yi daidai ta wata fuskar da ɗalibi zai so ya sani. Kalmar "mil" da muke amfani da ita a Hausa asalinta daga Latin ne, harshen su waɗannan maginan. A wurinsu tana nufin taku dubu, kowane taku kuwa ɗaga ƙafa biyu ne, hagu da dama. Mil ɗinsu ya kai kimanin mita 1,480, ya ɗan gaza na Ingilishi. Ashe duk lokacin da tsohon direba ya ce saura mil biyar a shiga gari, da kalmar sojan Rum yake magana, ko da bai taɓa jin labarinsa ba.

Tsarin ginin mai sauƙi ne. Ka ɗauki fili mai kusurwa huɗu, wanda kowane gefensa bai wuce mita 15 zuwa 20 da ƴan kai ba, kamar filin gidan mai rufin asiri. Bangonsa na arewa shi ne ita kanta ganuwar, sauran ukun kuma an ɗora su a jikinta ta kudu. Ƙofa biyu gare shi, ɗaya a bangon kudu mai kallon ƙasar Rum, ɗaya a jikin ganuwar mai kallon ƙasar da ba ta hannunsu, hanya kuma ta ratsa tsakiya ta haɗa su. Kowace ƙofa tana da faɗin da amalanke zai wuce. A gefen hanyar akwai ɗakunan kwana, da murhun gasa burodi, da matakalar hawa kan bango. Tsakanin kowane sansani da na gaba da shi an gina hasumiya biyu na tsaro, ta yadda duk sulusin mil akwai ido a sama. A yammacin kogin Irthing, da farko da ɓamɓaren ƙasa mai ciyawa da katako aka yi ganuwar da sansanoninta, daga baya aka sake su da dutse.

Runduna uku na sojojin Rum ne suka yi ginin, ta 2 da ta 6 da ta 20, kuma kowace tana da nata salon aza ƙofa, har masu haƙar tarihi kan dubi tubalin ƙofa su gane hannun wace runduna ce. An sami allon dutse a sansani na 38 ɗauke da sunan Hadiriyan, da na gwamnansa Aulus Platorius Nepos, da na runduna ta 2. Lambobin nan da nake ambata kuwa masanan zamani ne suka sa su, suna ƙirgawa daga gabas zuwa yamma. Wanda ya fi nuna yadda ake zama a ciki shi ne na 48, a Poltross Burn. A can akwai jerin ɗakuna biyu, kowane da ɗaki huɗu. Tun da ƙa'idar sojan Rum mutum takwas ne a ɗaki, ana ƙiyasin ya ɗauki mutum 32. Matakalarsa ta tsira zuwa wani mataki, kuma daga karkatarta aka lissafa cewa hanyar sintiri a kan bango ta kai kusan mita 4 daga ƙasa. Yawancin sauran sansanonin ba su kai shi ba, ɗakin mutum takwas ko ɗan fiye da haka ke gare su.

Mutum takwas ba sa tare yaƙi. Wannan ita ce gaskiyar farko da ya kamata mu riƙe. Idan mayaƙa dubu suka taso daga arewa, abin da mutum takwas za su iya shi ne su rufe ƙofa, su hau sama, su ba da alama da wuta ko hayaƙi, su jira ɗauki. A tsarin farko ma manyan barikoki suna can baya, a kan wata tsohuwar hanyar soja da ke kudu da ganuwar. Sojan Rum bai saba fakewa a bayan bango ba, a fili yake son haɗuwa da abokin gaba. Saboda haka wasu masana suke ganin an yi ƙofofin ne domin sojoji su riƙa fita sintiri da kai farmaki ta ko'ina suka ga dama. Wasu kuma suna ganin an yi su ne domin farar hula: makiyayi mai kora dabbobi tsakanin makiyayar rani da ta damina, da ɗan kasuwa, da mai zuwa gaida dangi, domin layin ganuwar ya ratsa ƙasar da mutane suka daɗe suna kai da kawo a cikinta.

Masu ra'ayi na biyu suna da hujja daga wata iyakar Rum. Marubucin tarihi Tasitus ya kawo ƙorafin wata ƙabilar Jamus da ke tsallaken kogin Rayin, cewa ba a barin su shiga garin Rumawa sai sun ajiye makamai, an haɗa su da mai gadi, sun kuma biya kuɗi. Ya kuma ambaci wata ƙabilar da aka yarda da ita, wadda aka bar ta tana shiga ba mai rakiya, ya nuna wannan gata ne na musamman. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ya san irin wannan tsari ba tare da an fassara masa ba. Abin da muke kira duwan, ƴan'uwanmu na kudu su ce kwastan, aikinsa kenan: ba ya hana tafiya, amma yana sa a tsaya, a sauke kaya, a faɗi inda za a, a biya abin da aka yanka. Iyaka irin wannan rariya ce, tana tacewa, kuma mai riƙe da rariyar shi ke da iko.

Sai dai akwai sansanin da yake dagula wannan bayani. Na 42 ne, a wurin da ake kira Cawfields. Na taɓa zuwa wurin a wata shekara da taron ilimi ya kai ni birnin Newcastle, kuma gani ya kori ji. An gina shi a kan gangaren tudu, har filin cikinsa ya karkata kamar faifan da aka jingine. Na bi hanyar tsakiya na tsaya a ƙofar arewa, sai na ga taku kaɗan a gabana ƙasa ta yanke, dutse ya gangara ƙasa. Babu amalanken da zai bi nan, jaki ma sai ya yi shawara. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, ƴar tazara kaɗan daga wurin akwai kwari mai sauƙin bi, inda duk mai hankali zai sa ƙofa. Haka abin yake a sansani na 37 kusa da barikin Housesteads, inda ƙafafun bakan ƙofar suke tsaye har yau suna kallon gangare.

Bayanin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne na umarni daga sama. An zana tsari a wani wuri mai nisa, an ce kowane mil a sa ƙofa biyu, mai awo ya ja igiyarsa, inda ta ƙare nan aka kafa tubali. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a aikin soja ba a tambayar mai ɗaki. Wani masani mai suna David Woolliscroft ya kawo wani bayanin da ya kamata a saurara. Ya bi wuraren yana duba abin da ake hangowa daga kowane sansani, ya nuna cewa an ɗan gusar da wasu daga inda awo ya faɗa domin su iya ganin barikokin da ke kudu, su aika musu da alama. Idan haka ne, wanda ya ɗora sansani a kan tudu ya san abin da yake yi, ido yake nema. Na yarda da wannan a kan zaɓen wuri. Amma bai amsa tambayar ƙofar ba. Mai neman ido hasumiya ta ishe shi. Ƙofa mai faɗin amalanke a bakin gangare kuwa shaida ce cewa akwai zane guda da aka ba kowa, kuma babu wanda ya ga matsayinsa ya kai ya ce a nan ba ta da amfani.

Wuri guda na sani inda ƙasa ta fi ƙarfin umarni. A arewacin ganuwar an haƙa rami mai zurfi a duk inda babu gangaren da zai wadatar. Kusa da sansani na 30 masu haƙa suka ci karo da dutse mai tsananin tauri. Sun fasa abin da suka iya, suka ture manyan ɓaraguzai gefe, sannan suka bar wani ƙaton dutse a tsakiyar ramin. Har yau ana ganin ramukan da suka sassaƙa a kansa domin cusa ƙarfen tsagawa. Ina son wannan dutse, domin a nan ne kaɗai nake jin muryar leburan aikin, suna cewa iyakar ƙarfinmu kenan.

Su ma manyan ba su daɗe a kan tsarinsu na farko ba. Tun ana cikin gini aka sauya shawara, aka ɗauko manyan barikoki aka ɗora su a kan layin ganuwar kanta, har aka rushe wasu hasumiyoyin da aka riga aka soma. An rage kaurin bangon daga ƙafa 10 na Rumawa zuwa 8 ko ƙasa da haka. Sannan aka haƙa wani babban rami ta kudu, mai faɗin kimanin mita 6 da zurfin mita 3, da tudun ƙasa a kowane gefe, kuma ba a bar mashiga a kansa ba sai a daidai barikoki. Da wannan, wuraren tsallakawa suka ragu daga kimanin 80 zuwa ƙasa da 20. Wanda a da zai wuce ta hannun ƙaramin soja a sansanin mil, yanzu sai ya bi ta gaban babban hafsa. Ina karanta wannan a matsayin rashin yarda iri biyu, da mutanen da ke wucewa da kuma masu tsaron ƙofar, domin mutum takwas a wuri mai nisa da idon shugaba suna iya daidaitawa da mai wucewa a kan abin da bai shiga littafi ba.

Bayan rasuwar Hadiriyan, magajinsa Antoninus ya tura iyakar gaba zuwa tsakiyar Sikotlan ta yau, aka gina sabuwar ganuwa ta ƙasa wajen shekara ta 142, a ƙarƙashin gwamna Lollius Urbicus, mutumin Numidiya a Aljeriya ta yau. Aka cire ƙyamaren ƙofofin sansanonin mil, kowa ya wuce. Bayan kimanin shekara 20 aka dawo tsohuwar ganuwa, aka mai da ƙyamare. Daga baya an tsuke ƙofofin arewa na sansanoni da dama har sai mai tafiya a ƙasa kaɗai zai iya bi, aka kuma yi watsi da hasumiyoyi masu yawa. Sarki goma, zamani goma. Abin da zane bai yarda da shi ba tun farko, zaman yau da gobe ya tilasta shi.

To, su wane ne mazauna waɗannan ɗakuna? Galibin masana na ganin daga rundunonin taimako aka riƙa turo su, wato sojojin da ba ƴan ƙasar Rum ba ne, waɗanda ke yin aikin shekara 25 kafin a ba su takardar zama ƴan ƙasa. Rubuce-rubucen kan duwatsu sun nuna daga ina suka fito. A Housesteads akwai Tunguriyawa daga Beljiyam ta yau. A Chesters akwai mahaya daga arewacin Sifen. A Carvoran akwai maharba daga Hama ta Siriya. A Birdoswald akwai mutanen Dakiya, Romaniya ta yau. A Burgh-by-Sands kuma, a ƙarni na 3, akwai rundunar mutanen Afirka ta Arewa. Ka ƙaddara saurayin da ya tashi a rana da ƙura, ga shi a kan tudu cikin ruwan sama da iska mai ratsa ƙashi, a ƙasar da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu a lokacin hunturu. A barikin Vindolanda, kudu kaɗan da ganuwar, an tono wasiƙu a kan siraran allunan itace tun daga 1973, na shekarun da suka gabaci ginin. A ɗaya ana sanar da wani soja cewa an aiko masa da safa da takalma da ƴan kamfai. A wata kuma wani ƙaramin hafsa yana roƙon shugabansa a aiko da giya domin ta yaransa ta ƙare. Daula mai mulkin Bahar Rum kenan, idan aka kalle ta daga bakin iyaka.

Abin da ya haɗa Basiriye da mutumin Dakiya da ɗan Afirka shi ne Latin, harshen umarni da na albashi. Ba irin Latin ɗin mawaƙan birnin Rum ba ne. Shaida mafi kyau a kan haka daga nahiyarmu ta fito. A Bu Njem, cikin hamadar Libiya, Rumawa sun gina bariki a shekara ta 201 a kan hanyar Fezzan, kuma an tono rahotannin yau da kullum da sojojinsa suka rubuta a kan katangar tukwane a tsakiyar ƙarni na 3. Suna lissafa wanda ke gadin ƙofa, da wanda ke kan hasumiya, da wanda ke gidan burodi, da marar lafiya. Wani rahoton yana sanar da isowar mutanen Garama da alfadarai da jakuna ɗauke da sha'ir. Latin ɗin cike yake da kaucewa ƙa'ida, irin ta wanda ya koyi harshe a bakin aiki. Ɗalibin Hausa ya san ɗan'uwan wannan, domin haka Hausa ta zama harshen bariki a rundunonin Ingila na Afirka ta Yamma, a bakin sojojin da ba da ita suka tashi ba, har aka sami abin da ake kira Barikanci. Waɗannan rahotanni na Bu Njem su ne suka fi ba ni hoton aikin sansanin mil: a ƙirga wanda ya zo, a duba abin da ya ɗauko, a rubuta, a aika wa na gaba, gobe a sake.

An zauna a kan ganuwar kusan shekara 300, har mulkin Rum ya janye daga Birtaniya wajen shekara ta 410. Daga nan ta zama ma'adanar sassaƙaƙƙen dutse ga duk mai bukata. An gina majami'u da gidajen gona da shingayen tumaki da duwatsunta. Bayan tawayen 1745 gwamnatin Birtaniya ta shimfiɗa hanyar soja daga Newcastle zuwa Carlisle, kuma a gabas an bi kan ganuwar ne aka rushe ta aka yi daɓe da ita. Abin da ya tsira a tsakiya ya tsira ne saboda nisansa da gari, da kuma ƙoƙarin wani lauya mai suna John Clayton, wanda ya yi ta sayen gonakin da ganuwar ta ratsa a ƙarni na 19, shi ne ma ya tono sansanin Cawfields a 1848. A 1987 UNESCO ta sa ganuwar cikin wuraren tarihi na duniya. Sansanonin da aka ɗora a wuraren da ba su da amfanin wucewa su ne suka fi tsira, domin wahalar da ta hana amalanke bi ita ce ta hana masu kwasar dutse zuwa.

Sunan Hadiriyan yana kan allon dutse, na gwamnansa ma haka. Mazauna sansanin mil kuwa abin da suka bari shi ne fasassun tukwane, da ramin da ƙafar ƙyaure ke juyawa a ciki, da murhun da aka yi ta gyarawa ana sake ginawa a kusurwar Poltross Burn. Amma ga makiyayin da ya iso ƙofa da garkensa da sassafe, waɗannan su ne Rum. Bai taɓa ganin sarki ba, ba zai kuma gan shi ba. Adalcin daular ko zaluncinta ya tsaya ne a kan ko wannan baƙon saurayi mai jin sanyi zai buɗe masa, da abin da zai karɓa kafin ya buɗe. Shi ya sa nake ba ɗalibaina shawara, idan suna karanta tarihin kowace daula, bayan sun gama da jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe, su nemi sanin wanda aka ajiye a ƙofa mafi nisa, nawa ake biyansa, da wane harshe yake tambayar mai wucewa, kuma wa ke duba abin da yake yi.